Kujerar Bayan Sahu

Gwiwata ta dama ce ta yi mini tawaye, shekarar da nake wuni ina hawa da sauka a benayen masu ɗinkin wandon jins na Xintang, a ƙasar Sin. Ruku'u kam ina yi, amma sujada ta gagara. Sai na koma salla a kujerar roba, irin wadda ake jera wa tsofaffi a bayan sahu.

Ciwon bai dame ni kamar yadda Baba ya dame ni ba. Mahaifina ya haura tamanin, kuma na bar shi a Kano yana kai goshi ƙasa ya miƙe ko bango bai dafa ba. Da na gaya masa a waya sai ya kwashe da dariya, ya ce, "To in ka zo babbar salla zan sa a kai maka kujera filin idi, ka zauna kusa da ni." Daga ranar duk wayar da muka yi sai ya ce, "Ya kujera?" Ina dariya, amma abin yana cina. Ina zan sa fuskata, ni a zaune, tsoho a ƙasa?

Likita ya ce cinyoyin ne suka yi sanyi, in ƙarfafa su. Sai wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai tura mana kaya ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya kawo mini littafi. Ya ce, "Maigida, abin da tsofaffin Sinawa ke yi a fili da safe ne, an juya shi da Turanci."

Na buɗe ina jiran in ga tsalle da shuri irin na fim. Ina! Wani dattijo ne a hoto, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya buɗe hannu kamar ya rungumi randa. Darasin farko ke nan, ka tsaya kawai. Na ce wannan ko ni. Amma a ƙasan hoton an rubuta a fuskanci gabas lokacin fitowar rana, a kawar da komai daga zuci.

Nan jikina ya yi sanyi. Bakano in ya tsaya shiru yana kallon gabas, salla yake yi. A Guangzhou kuwa alƙibla yamma take. Wato in juya wa Ka'aba baya, in fuskanci rana a daidai lokacin da malamai suka hana ko nafila. Garin neman gira a rasa ido? Na jefa littafin kan durowa, na ci gaba da jan kujerata, babbar salla kuma tana ta matsowa.

Akwai wani dattijo Basine Musulmi da muke cin taliya a shagonsa, mai farar hula, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Wata safiya na yi sammako, na leƙa bayan shagon, sai ga shi ya rungumi randar nan sak kamar a hoto, ya sa tukwanen gas a gaba. Na jira ya gama. Washegari na kawo littafin, na nuna masa layin, na yi tambayata ta wayar da ke fassara mana magana.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Meiyou, laoban, meiyou!" Wato babu wannan, maigida. Wayar ta ƙarasa mini sauran: ɗumin rana tsofaffi ke nema wa ƙashinsu, in na ga dama in kalli firiji. Wurin kakansa ya koya, kuma kakan liman ne. Ya tura gwiwata baya, ya bubbuga kafaɗuna ya ce in sake su. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dila daga ka.

Arewa na zaɓa, wajen taga, inda maƙwabciyata ke shanya. Ni mutum ne mai gaggawa, tsayuwar banza ta fi dako wuya a wurina. Ƙafafuna su yi ta rawa, gumi har ƙugu, ina mita ina ƙarawa. Ban ga wani canji ba, sai dai hawan bene ya daina sa ni tsaki.

Wata Juma'a na makara, na tarar tsofaffi sun cinye kujerun. Aka tayar da iƙama, dole na shiga sahu. Liman ya yi kabbarar sujada, na bi a hankali ina jiran sukar nan da na sani. Ta zo, amma 'yar kaɗan. Goshina ya taɓa darduma. Ashe na manta ƙanshinta. Hawaye suka zubo mini, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ko takalmi ban gama sawa ba na kira gida.

"Ya kujera?" in ji Baba.

"Baba, a bar ta a gida. Yau goshina ya kai ƙasa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma za a kai ta. Tun azumi a kanta nake salla, na hana a gaya maka. Kai dai ka zo ka tsaya kusa da ni. Ka kuma taho mini da littafin nan naka."