Ranar da Inna Ta Fita da Ni ta Bayan Gida

Ƙyanda ta kashe ƙannena biyu a bazara ɗaya. Ni ne na uku da ta kama.

A ƙauyenmu, can gefen Kontagora, ba a kai mai ƙyanda asibiti. Wai in an yi wa yaro allura, ƙurajen ciki suke komawa. Sai a kulle shi a ɗaki, a toshe taga da tsumma, a hura wuta, a hana shi wanka. Cikin wannan zafi. Haka aka yi wa namijin, ya mutu. Aka maimaita wa macen.

Babanmu ya riga ya rasu, wansa, Baffa, ke riƙe da gida. Inna ta durƙusa gabansa ta ce, "Yaya, a bar ni in kai wannan gari."

Ya ce, "Mu da muka yi ta a ɗakin nan, allura ce ta raya mu? Tashi ki ba ni wuri."

Ana shirin binne ƙanwata, Inna ta goya ni ta fita ta bayan gida. Na wuce goyo. Ƙafafuna na dukan gwiwoyinta, haka muka shigo gari a ƙasa.

A asibiti babu gado. Yara kwance kan tabarmi har baranda, idanu a liƙe, tari ko ta ina. Wata ma'aikaciya ta buɗe mini ido da yatsa, ta juya kan Inna.

"Sai yanzu? Ku mutanen ƙauye, sai yaro ya ruɓe ku kwaso mana shi!"

Inna ta zauna kusa da ni. Ƙafarta na jini.

Yaron da ke gefena an naɗe shi a zanen uwarsa washegari, aka kwantar da wani a gurbinsa. Ni na tashi, amma idon hagu ya tafi.

Da muka koma gida ba wanda ya ce mata sannu. Baffa ya ce allurar ce ta cinye mini ido. Mata suka ce ita ce wadda ta bar gawar 'yarta a ƙasa ta tafi gari. Da wannan suna ta tsufa, da shi ta mutu. Su da suka gasa yara biyu a ɗaki kuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Allah ne ya karɓi abinsa, in ji su.

Yanzu ina Kontagora, ina facin taya a bakin titi. Tun da aka rufe Inna ban sake taka ƙauyen ba.