Gidajena Bakwai na Dubai

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a Dubai ba, labari ya bazu a danginmu cewa na mallaki gidaje bakwai a garin nan. Ni da nake raba ɗaki ɗaya da abokina a wani filat a Al Nahda, ɗakin da in ɗaya zai yi salla sai ɗayan ya ɗage ƙafafunsa kan gado. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin saura ƙiris abin ya ci aurena.

Aikin takardu nake yi a ofishin wani kamfanin kago, wato na jigilar kaya, a Deira, kuma ni ba mai yawo ba ne. Wata ranar hutu na shiga wani shago na ga ɗan jirgin ƙasa, ba irin na yara ba, irin wanda manya suke tarawa. Kan jirgin bai fi tsawon yatsana ba, amma yana tafiya da lantarki a kan siririn layin dogo, har da fitila. Na tsaya ina kallo har mai shagon ya gaji da ni, sannan na saya. Na kafa layin a kan wani faffaɗan katako da nake turawa ƙarƙashin gado. Sai dai jirgi yana ta zagaya fili fetal, ba gida ba tasha, abin ba armashi.

A nan ne na gano akwai masu zana ƙananan gine-gine suna sayarwa a intanet. Ka sayi zanen, ka buga shi a takarda, ka manna a jikin kwali, ka yanka, ka lanƙwasa, ka haɗa da gam. Gidana na farko abin kunya ne. Na bar firinta ta yi wa zanen girman da ta ga dama, gida ya fito ƙato, jirgi ya zo wucewa ta gabansa kamar ƙadangare a gindin katanga. Ga gam na lafta masa, kwalin ya jiƙe ya karkace. Abokina ya duba ya ce, “Injiniya, wannan ko ambaliya ba ta jira ba, ya riga ya faɗi.”

Ban haƙura ba. A hankali na koyi buga zane daidai ma'auninsa, na koyi jan aska a jikin rula ta ƙarfe sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Na gane gam da tsinken sakace ake ɗibarsa, kuma bango sai ya kwana a ƙarƙashin littattafai kafin ya miƙe. Kwali kuwa ban taɓa saye ba. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sari kasuwar Naif suna cire takalma daga kwalayensu don kaya su yi sauƙin nauyi, ni kuma in bi in kwashe. Gilashin taga daga robar da ake naɗe sabuwar riga nake yanko shi. Taga ɗaya ba ta kai rabin farcen ƙaramin yatsa ba, kuma tashar jirgin da na haɗa tagoginta sun kusa arba'in. Tun daga nan duk lokacin da abokina ya shigo sai ya ce, “Injiniya, yau ma ana kan ginin?” Kalmar gini ta zauna a bakinmu.

Ranar da na gama na bakwai, wani gida mai hawa biyu na jan bulo, da bututun hayaƙi a samansa irin na ƙasar Turawa, daɗi ya cika ni. Na fita da shi baranda, na ɗora a kan dakalin, na durƙusa na ɗauki hotonsa daga ƙasa, sararin sama na gaske a bayansa. Wallahi ni kaina da na duba hoton sai da na ce masha Allah. Na tura gurup ɗin gidanmu na rubuta: “Alhamdulillah, an kammala gida na bakwai.”

Na ɗauka kowa ya san wasan da nake yi. Ashe ƙannena biyu ne kawai suka sani, su kuma shaƙiyyai suka yi gum. Kafin la'asar addu'o'i sun cika wayata. Gwaggona ta turo murya tana guɗa. Wani ɗan'uwanmu da rabona da shi tun makarantar firamare ya kira yana tambaya ko akwai ɗakin haya. Mahaifiyata ba ta cikin gurup ɗin, maƙwabta ne suka shigo yi mata barka.

A nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba. Layi ɗaya zan rubuta magana ta mutu, amma ban rubuta ba. Na ce bari in bari zuwa gobe, gobe ta zama jibi. Mutanen da da ko gaisuwata ba sa amsawa a kan lokaci yanzu “ranka ya daɗe” suke ce mini, ni kuma abin yana yi mini daɗi. Mahaifiyata kaɗai na kira na faɗa wa gaskiya. Ta yi salati ta ce, “Gidan kwali? Kai da gemunka? To ka yi maza ka warware, magana zarar bunu ce.”

Lokacin ana tsakiyar maganar aurena da wadda take matata yanzu. Malamar makaranta ce a Kano, kuma ita ta san komai, don sau da yawa in muna hira ta bidiyo nakan kunna mata jirgin ta gani. Wata safiya ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

“Mai gidaje bakwai, labari ya iso gidanmu.”

Na ce, “Ke ba ki gaya musu ba?”

“Ni na rubuta? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma ka shirya, Baffa yana tahowa sarin kaya sati mai zuwa. Ya ce zai ga gidajen da idonsa.”

Baffan nan ƙanin mahaifinta ne, shi ne zai ba da aurenta, kuma shi aka ɗora wa binciken halina. Ɗan kasuwar takalma ne da ya fi shekara ashirin yana zuwa Dubai. Ta taɓa gaya mini cewa zai iya yafe wa mutum komai ban da ƙarya. Abokina, maimakon ya tausaya mini, cewa ya yi, “Habibi, abu mai sauƙi. Ka kai shi gaban kowane bene ka nuna da yatsa, khalas, shi ke nan.” Na jefe shi da kwalin takalmi.

Na same shi a wani shago a Naif bayan azahar, dattijo mai furfura, tabarau a rataye a wuya, yana lissafa katan-katan da 'yar sanda a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki zan fara bayani, waya ta shigo masa daga masu kwantena. Ya gama, na sake cewa, “Baffa, dama akwai wata magana...” Ya ɗaga hannu. “Bari sai mun je, ɗana. Gani ya kori ji. Yalla, mu tafi.”

Tafiyar nan a tasi ban taɓa yin mai tsawonta ba. Duk dogon benen da muka wuce sai ya leƙa ta taga ya ce, “Wannan yana ciki?” In ce, “A'a, Baffa.” Ya gyaɗa kai. Can kuma, “To wancan mai shuɗin gilashin fa?” “Shi ma a'a, Baffa.” Sanyin mota yana kaɗawa, ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf.

A ƙofar filat ɗinmu na tsaya, makulli a hannu, na kasa sa shi. Na juyo na ce, “Baffa, ka yi mini afuwa. Ba ni da gida a Dubai, ko bulo ɗaya ban mallaka ba. Haya nake yi, ɗakin ma mu biyu ne. Gidajen da aka ce, na kwali ne, ni nake haɗa su da hannuna.”

Ya ce, “Buɗe mu gani.”

Na durƙusa na jawo katakon daga ƙarƙashin gado. Ga tasha, ga rumbun kaya, ga ɗakin mai ba jirgi hannu, ga gidaje a jere. Ya sa tabarau, ya sunkuya. Ya miƙa yatsa biyu ya ɗauki mai hawa biyun ya ɗora a tafin hannunsa.

“Wannan ne na hoton?”

“Shi ne, Baffa.”

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya zauna a bakin gadon abokina yana dariya har da tari, yana share hawaye da bakin hularsa. Da ya lafa ya dube ni, fuskarsa ta koma ta dattijo.

“Me ya hana ka faɗa tun ranar farko?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Daɗin girmamawar na ji.”

“To, wannan ma gaskiya ce.” Ya nuna saman gidan da farcensa. “Ka ga wannan bututun hayaƙin? Tun a Kano da aka nuna mini hoton na ce, a wannan zafin na Dubai wa zai hura wuta a ɗaka don jin ɗumi? Shekara nawa ina zuwa garin nan, ban taɓa ganin irin ginin nan ba. Na san akwai magana. Ba gida na zo gani ba, zuwa na yi in ga inda za ka kai ni. Da ka tsayar da motar nan a gaban benen wani ka nuna mini, da a nan zancenka da 'yata ya ƙare.”

Na sake ba shi haƙuri. Shi kuwa ya riga ya wuce wajen, yana leƙen kan jirgin. “Wannan yana tafiya kuwa?”

Na kunna. Jirgi ya ɗauka a hankali, ya ratsa ta gaban tasha, fitilarsa tana haska tagogin. Dattijon nan ya sauko daga gado ya zauna a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa. Na ba shi abin sarrafawa, ya riƙa tsayar da jirgin a tasha yana cewa, “A sauka lafiya, a yi hankali da kaya.” Masu kago suka kira shi har sau uku, na ukun ya ce musu, “Shwaiya, ku ɗan dakata, ina wani muhimmin taro.”

A nan ya ba ni labarin cewa a bakin layin dogo aka haife su a Nguru, shi da mahaifin yarinyar. In jirgi ya taho har kwanukan ɗakin mahaifiyarsu sai sun yi ƙara. Gidan ya daɗe da rushewa, ko hotonsa babu. Ya ƙare wa garina kallo ya ce, “Aikinka ya yi kyau, amma duk garin ba gidan da za a yi sallama. Ina zaure?” Ya zaro wani rasit daga aljihu ya juya bayansa, ya zana mini: zaure mai zanko huɗu, dakali a ƙofar gida, katangar ƙasa, bishiyar darbejiya a gefe. “Akwai irin wannan a intanet ɗin naka?”

Na ce, “Babu, Baffa. Amma zan gwada.”

Ranar na rubuta a gurup na warware komai, na haɗa da hoton gidan a tafin hannun Baffa. An yi mini tsiya ta sati guda, kuma na cancanta. Mai neman ɗakin haya bai sake kira ba.

Gidan zauren ya ci mini wata biyu, don ba zanen da zan saya, ni na auna na zana da kaina. Ƙanwata ta ɗauko mini hoton wata tsohuwar katangar ƙasa a unguwarmu, na ƙanƙanta shi na buga ya zama fatar bangon. Zankwayen sai da na lalata fiye da goma kafin huɗu su tsaya. Na tafi da shi Kano a cikin kwalin takalmi, a kan cinyata tun daga filin jirgi.

Ana jibi ɗaurin aure na kai wa Baffa. Ya buɗe kwalin a falonsa, yayansa, wato surukina, yana zaune a gefe. Tsofaffin nan biyu suka haɗa kai a kan abin da bai fi kwalin ashana biyu ba, suna ƙare masa kallo. Can surukina ya nuna ɗan dakalin da yatsa ya ce, “Nan Baba yake zama da la'asar.” Ni ma na ji idona ya ciko.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba mai yawa ba ne. Ban yi ƙarya da bakina ba, amma shirun da na yi ƙarya ce, kuma na ji nauyinta fiye da yadda na ji daɗinta. Abin da nake jin kunyar a gani a ƙarƙashin gado kuwa, shi ne ya shigar da ni zuciyar mutanen nan.

Har yanzu ina gini, katakon ma ya fito falo da izinin uwargida. Daga baya ne ta gaya mini rahoton da Baffa ya kai gida bayan dawowarsa daga Dubai. Dangi sun taru suna jiran jin labarin gidaje, ya ce musu, “Na gan su, bakwai cif, har na ɗauki ɗaya a hannuna. Ku ba shi. Wanda ya zauna ya yanka taga arba'in da aska bai yi tsaki ba, zai iya riƙe mana 'ya.”