Rawar Ba'indiya a Harra ta Yamma

Shekarar da ɓarin jikin mahaifiyata Inna ya shanye, ita ce shekarar da wasu Indiyawa, miji da mata, suka kama ɗakin da ke samanmu. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ke nan. Muna unguwar Harra ta Yamma a Madina, cikin gidan baƙin dutse mai riƙe zafin rana har bayan magariba. Mijina direban babbar mota ne tsakanin Madina da Yanbu, sai in yi kwanaki ban sa shi a ido ba. 'Ya'yana in na yi musu Hausa, su amsa mini da Larabci. Ni ke ɗaga Inna, ni ke wanke ta, ni ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, sannan in koma kan tukwane, don ina yi wa wani mai masaukin alhazai girki. Ban tuna ranar da na farka a shekarar nan jikina bai yi tsami ba.

Inna makaɗiya ce a da. Kiɗan ƙwarya ta gada wurin uwarta, wadda ta tako daga ƙasar Katsina, da Inna ta girma kuma ta ƙware a duffu, bandirin Larabawa, har ba a cika yin bikin mata a unguwanninmu babu ita ba. Ciwon ya tafi da hannun dama da ƙafa da harshe. Hannun hagu kaɗai ya bar mata, da idanu.

Bayan azahar ne kawai nake samun in miƙe bayana. To daidai lokacin sai a fara dukan rufin ɗakinmu, dim, dim-dim, dim, kamar ana daka. Na daure kwana da kwanaki. Ran nan na yafa mayafi na hau bene raina a ɓace, na buga ƙofa.

Wata siririyar mata ce ta buɗe, ba ta kai ni shekaru ba, zufa ta jiƙa mata riga sharkaf. Na leƙa, babu turmi babu taɓarya. Ta nannaɗe shimfiɗar ɗakin ta jingine a bango, siminti ne tsirara, ƙafafunta kuma sun yi ja.

"Ya jara," na ce mata da Larabci, wato maƙwabciya, "akwai marar lafiya a ƙasa. Me kike dakawa haka?"

Ta rufe baki da hannu. Larabcinta a kakkarye yake, amma na gane. Ta ce ba daka ba ne, ƙafarta ce. Ta roƙe ni kada in gaya wa mijinta, wanda ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani shago kusa da Harami, Masallacin Annabi. Ta ce daga yau ta daina.

Ta kuwa daina. Washegari bayan azahar gidan ya yi tsit, na kwanta ina hamdala. Ban kai ga barci ba sai na ji ƙwas, ƙwas-ƙwas. Inna ce ke dukan tiren shayi da zoben hannunta na hagu, tana kallon rufi. Na ɗauke tiren, ta bugi katakon gado. Na ce, "Inna, don Allah ki bar ni in huta." Ta zuba mini ido, ta nuna sama da yatsa. Sai a lokacin na lura abin da take bugawa shi ne wanda matar nan ke takawa.

Na sake hawa benen, wannan karon da kunya. Na ce ta sauko, tsohuwa na son ganinta.

Haka ta fara zuwa. Tana ce wa Inna Ammi, ni kuma Baji, wai uwa da yaya ke nan a bakinsu. A hankali, rabi da baki rabi da hannu, na ji labarinta. 'Yar birnin Lakno ce, can Indiya. Gidansu Musulmi ne makaɗa, ubanta yana kaɗa wasu tagwayen ganguna da suke kira tabla. Tun ba ta yi wayo ba aka kai ta wurin wani tsohon malami ta koyi rawar katak, wadda ta ce asalinta ba da labari ne da ƙafa da hannu da fuska. Da uban ya rasu, sana'ar ba ta ciyar da gida, sai aka aurar da ita ga mutumin kirki wanda bai son a ce matarsa 'yar rawa ce. Ta nuna mini ƙararrawowinta na ɗaurawa a ƙafa, ƙanana kamar 'ya'yan kurna, an jera su a doguwar igiya. Cikin gwangwanin madara take ajiye su, ta cusa auduga don kada su yi ƙara.

Na kan janye tabarma in ba ta wuri gaban gadon Inna. Za ta fara faɗin kiɗan da baki, ta tai tai tat, tana tafi a hankali, sannan ƙafa ta maimaita abin da baki ya faɗa. Kiɗan nasu zagaye yake yi. Komai nisan da ƙafa ta yi, dole ta dawo ta sauka daidai kan bugun farko, wanda suke kira sam. Inna ba ta daɗe ba ta gano wannan. Sai ta riƙe zagayen da zobenta a kan tire, matar ta yi ta yawo da ƙafa, ta rarraba bugu, ta juya kamar mazari, su haɗu a wuri ɗaya, ƙwas. Duk sanda suka haɗu, ɓarin bakin Inna mai motsi sai ya ɗaga. Wata rana da gangan Inna ta jinkirta bugu don ta gwada ta. Matar ta tsaya da ƙafa a sama, ta ce, "Ammi, haram alaiki, ba ki kyauta ba!" Inna ta yi wani sauti a maƙogwaro, wanda na tabbata dariya ce.

Ni dai yawanci ina gefe ina tsince shinkafa, ido na lumshewa. Amma akwai abin da ke sa in ajiye faranti. Takan zauna a ƙasa, ba kiɗa ba komai, ta nuna mace mai jiran miji. Ta gyara gashi, ta kunna fitilar da babu ita, ta kare ta daga iska da tafin hannu, ta ji motsi ta leƙa, ba shi ba ne. Sai ta sake yin wannan jiran ta wata fuska, yanzu da fushi, sannan da tsoro, sannan kamar wadda ta saba har ba ta damu ba. Na ƙarshen nan ya fi ci mini rai.

Ta ce malaminta ya koya mata cewa ɗanɗanon da rawa ke bari a zuciyar mai kallo iri tara ne, suna ce masa rasa. Ta lissafa mini da yatsu, akwai ƙauna, akwai tausayi, akwai fushi, da sauransu da na manta.

"Gajiya fa?" na tambaye ta.

Ta yi tunani. "Ba ta cikin taran, Baji. Tana cikin ƙananan da ke shigowa su wuce. Baƙuwa ce."

"A gidan nan ita ce mai gida," na ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya ta.

Bayan kamar shekara biyu sai yayata ta tashi aurar da 'yarta a unguwar Bani Harisa. Lokacin bidiyo ya shiga gidaje, matanmu sun haukace da finafinan Indiya. Yaya ta ji labarin maƙwabciyata, ta zo da kanta. Ta ce, "Ga Ba'indiya ta gaske a hannu, a ce ba ta yi mana rawa a wunin mata ba?" Matar ta ƙi, ta ce abin nata ba na taro irin wannan ba ne. Yaya ba a ce mata a'a. Ta aika mijinta wurin mijin matar, aka tabbatar masa mata ne zalla, ya yarda da ƙyar, fuska a murtuke. Matar ta yi kwanaki tana shiri. Ta ciro wata farar riga mai faɗin ƙasa daga akwati, ta wanke, ta goge.

Ranar wunin, bayan la'asar, muka ɗauki Inna a kujera muka sa a mota. Tsakar gidan Yaya cike take, ga shayi ana zagayawa da shi, ga yara na tsere tsakanin ƙafafu. Matar ta zauna ta ɗaura ƙararrawowin, zagaye bayan zagaye, ta taɓa ƙasa ta taɓa kunne, ta sunkuya wa Inna. Aka ɗora wa Inna tire a cinya.

Ta miƙe ta tsaya cak, hannu ɗaya a sama. Gira ta motsa. Wuya ya ɗan gusa. Wuyan hannu ya juya kaɗan. Haka ake buɗe rawar, ta sha gaya mini.

"Yaushe za ta fara?" wata ta tambaya a bayana.

"Ai ta fara," na ce.

"Wannan? Ba haka suke yi a fim ba."

Da ƙafa ta shiga aiki an ɗan yi shiru, don ƙarar ƙararrawar ta cika gidan, ta kan kuma rage ta har ka ji kamar guda ɗaya ce ke motsi. Amma ba waƙa, ba karairaya, surutu ya dawo. Bugun zoben Inna ya ɓace cikin hayaniya. Na ga matar tana matsowa kusa da kujerar, ta karkata kunne tana nemansa. Can wata budurwa ta danna kaset, waƙar fim ta tashi, aka rangaɗa guɗa, 'yan mata suka zubo fili suna kaɗa gyale. Ba mugunta suka yi ba, biki suka zo.

Ita ba ta tsaya nan take ba. Ta bi zagayen har ƙarshensa a tsakiyar turmutsitsin, idonta a kan hannun Inna, suka sauka tare. Sannan ta koma gefe ta zauna tana warware igiya. Yaya ta kawo mata turmin yadi da faranti cike da nama, tana cewa, "Mashallah, mashallah," idonta na wurin baƙi. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Inna ta yi barci, kanta a kafaɗar matar.

Ta ci gaba da saukowa bayan haka, amma a zaune take yi, hannu da ido kawai. Da farko na ɗauka fushi ne. Ashe ciki ne da ita, ƙafafun sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta haifi 'ya mace. Kafin yarinyar ta fara rarrafe ciwon Inna ya sake bugowa, ta kwana biyu a mustashfa, wato asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Kwanakin zaman makoki matar nan na bakin famfo da goyo, tana wanke kofunan masu ta'aziyya, ba ta jin Hausar da ake yi a kanta.

Ba a jima ba kafilin mijinta, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya mayar da shagonsa Jidda, dole su bi shi. Ranar tafiya na taya ta ɗaure kaya, muka sauko da su tare har bakin titi. Rana ta take, motar ɗaukar kaya ta makara, muka raɓe a inuwar katanga. Na karɓi yarinyar, na kama 'yar ƙafarta ina wasa da ita.

"Za ki koya mata?" na ce.

Ta girgiza kai. "A'a, Baji. Abin yana son malami, yana son makaɗi, yana son masu zama su kalla. Ni kaɗai ba zan iya zama duka ba. Gara ta yi karatu."

Motar ta iso. Mijinta ya gaishe ni daga nesa, kansa a ƙasa, ya hau lodi. Ta rungume ni, ƙasusuwan bayanta duk a waje. Na ba ta ƙullin dabino da soyayyen nama na hanya. Ban jira motar ta sha kwana ba na koma ciki, don jiragen alhazai sun fara sauka, mai masauki ya aiko tun safe a ƙara tukunya.