Baffa Sambo da Gyauron Dawa

Ina tatsar nono wata mai tallar fura daga Shagari ta tsaya bakin garke ta ce Baffa Sambo ya rasu bayan azahar ɗin jiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanen mahaifina ne. Ban iya alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, a hannun matan garin Sifawa, don haka a gafarta mini ƙarancin magana.

Baffa bai taɓa sakin shanu cikin ciyawar da bai taka da ƙafarsa ba. Shi ne gaba, garke na baya. Yakan ce, "Sa bai san abin da za shi kashe shi ba, kai ka sani."

Daminar bara waccan ruwa ya sauka, sannan ya ɗauke kwanaki da yawa. Shanunmu suka rame. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, ya ga wata tsohuwar gona shar da gyauron dawa, tohon da ke fitowa da kansa. Tausayi ya sa ya kora su ciki. Kafin rana ta take, bakwai sun faɗi suna kakari, kumfa na fita bakinsu. Har da saniyar da mahaifina ya ba ni ranar aurena.

Baffa ya iso da wuƙa, ya yanka masu sauran numfashi don kada su zama mushe. Sannan ya juya ga ɗana.

"Abokina, mi ka ba su?"

"Gyauro, Baffa. Yunwa suka ji."

"Yunwa tana ba ka kwanaki. Dawar da ta sha ƙishi ba ta ba ka ko wuni."

Washegari Baffa ya jawo karsanarsa ya ɗaure mana, ya ce, "Ɗiyata, riƙe ta har ta haihu."

Bana ma ruwa ya ɗauke. Shanu sun fara kuka, gonakin hanyar Bodinga sun yi kore da gyauro, ɗana kuma shi kaɗai ke gaban garke. Kullum da safe nakan bi shi har bakin hanya ina maimaita masa maganar Baffa, yana cewa, "Na ji, Inna." Ban sani ba ko ya ji.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, ka saukar mana da ruwa kafin tausayi ya sake rinjayar ɗana.