Lauje a Filin Golf

Shekarar da kuɗin mai suka cika birni, mu a Wudil fari muke fama da shi. Maigidana akawu ne a wani kamfanin gine-gine a Kano, albashi ya ƙaru har ya sayi babur. Amma a bayan gida, bijimin huɗar Baba, surukina, haƙarƙarinsa duk sun fito. Ɗayan bijimin ya riga ya mutu, shi kaɗai ya rage. Garkunan da suka gangaro daga arewa sun lashe bakin kogi tas, harawa kuwa ko da kuɗinka ba ka samu.

Ana haka maigidan ya dawo da labari. Manajansu ya ce ya kawo mahaifinsa wata Asabar ya ga filin golf na kamfani, can bayan gari. Ya kwatanta wa Baba: fili iya ganinka, ciyawa shar a tsakiyar bazara, famfo na ba ta ruwa, manya na buga 'yar ƙwallo da sanda.

Baba ko ta kan ƙwallon bai bi ba. "Wace dabba ke kiwo a ciki?"

"Babu, Baba. Aske ta ake yi da inji."

"A kai ta ina?"

Maigidan ya ce bai sani ba.

Washegari Baba ya wasa laujensa, ya ninke buhuna, ya sa aka kama zabi na gaisuwa. A ganinsa, in ka gaida mai fili yadda ya kamata, ba zai hana ka ciyawar da ba ya ci ba.

Maigidan ya same ni a madafi, ya yi ƙasa da murya. "Ki ɓoye laujen nan."

"Ni? Laujen surukina? Malam, ka rufa mini asiri."

"Manyan mutane ne a wurin, har da Turawa. So kike a ce uban akawu ya zo yankan ciyawa?"

"To, shi bijimin darajarka zai ci?"

Ranar Juma'a sai maigidan ya ce wa Baba wai manaja ya yi tafiya. Na san ƙarya ce, raina ya ɓaci ƙwarai, amma suruka ba ta tsayawa gaban suruki ta tona ɗansa. Asabar ta gaba kuma wai mota ce babu. Kullum ni ke kai wa bijimin ruwan dusa, ina ganin ƙafafunsa na rawa. Ƙarshe na ce wa maigidan wallahi in ya sake ɗagawa, Inna, mahaifiyarsa, zan gaya wa komai. Shi ya sa a Asabar ta uku suka tafi, Baba da babbar rigarsa, lauje a naɗe cikin buhu.

Kafin azahar bijimin ya durƙusa. Ni da Inna muka ja, muka tura, ya ƙi tashi, idonsa ya fara juyawa. Na zari mayafi na ruga gidan ƙanin Baba. Ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Baffa, a jira su mana, ko zuwa la'asar."

"'Yar nan, in muka jira, mushe za mu ja waje."

Ya zaro wuƙa, ya yi bismilla. Ni na shige ɗaki na toshe kunne.

Bayan la'asar motar kamfani ta tsaya a ƙofar gida, bayanta cike da buhuna. Tun daga zaure nake jin dariyar Baba.

"Manajan nan mutumin kirki ne! Ko laujen ban kwance ba. Ashe tara ta suke yi duk mako su ƙona! Ya ce in riƙa aikowa ana ɗiba."

Ya shigo rungume da buhu, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika tsakar gida. Sai ya ga fata a shanye kusa da turke.

Ya sauke buhun a hankali, ya juya wajen ɗansa.

"Waccan Asabar ɗin ma sun ƙona?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. "Sun ƙona, Baba."