Miyar da Ba Ta Hawa Wuta

Ku yaran kicin na yanzu, bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya tona. Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na dafa mayonis ba.

Shekara tara ina wanke-wanke a wani gidan abinci a unguwar Changli. A wannan aiki, daga wanke-wanke sai mataimakin kuku, daga nan sai kuku. Madam Efuwa, mai gidan abincin, 'yar bakin teku, ta ɗaga ni mataimaki a kan gwaji na wata ɗaya. In na yi ɓarna, in koma wa sosona. Ni kuwa tuni na gama shela a unguwarmu Sabonjida cewa na zama kuku.

Ran nan muna da baƙi daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, za a soya musu ƙosan jatan lande. Madam za ta fita tarbo su, ta ce da irin Hausarta, "Baba Seidu, yi miya na dangwala. Sa mayonis, sa shito, sa lemun tsami."

Shito dai kun san shi, baƙin yajin nan namu. Amma kalmar miya ita ta kashe ni. Tun da uwata ta haife ni ban ga miyar da ba ta hau wuta ba. Na juye kwalbar mayonis ta ƙarshe a tukunya, na kunna gas, har ina fito. Abu ya tsinke: mai a sama, gudaji-gudaji a ƙasa.

Na leƙa ƙofar baya, sai ga Inna Hajara, Bafillatanar da ke kawo mana nono.

"Inna, kindirmonki da kauri?"

"Ya fi hankalinka kauri. Me ka ƙona?"

Na tace kindirmon a ƙyalle, na kaɗa shi da shito da tafarnuwa, wannan karon ban kusanci wuta ba. Baƙi suka dangwale kwanon tas, har wani ya sa yatsa.

Daga ranar na gane, a kicin tambaya ba ta ƙona kowa, kuma mai gida tana ganin fiye da abin da take faɗa. Madam ta bar ni a muƙamina. Amma da yamma, muna kwashe kwanuka, ta lashi ragowar miyar, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba Seidu," ta ce, "wannan mayonis, wane saniya ya haife shi?"