Tudun Malachy

Malachy Gaughan maƙwabcina ne, makiyayin tumaki, mutum mai taurin kai tun yana saurayi. Tsohon layin dogo ya ratsa ta bayan gidajenmu. Da jirgi ya daina zuwa aka kwashe ƙarafuna, mahaifinsa ya kewaye nasu ɓangaren da waya, domin a ƙasarmu mai taɓo nan ne kaɗai busasshen wuri.

Da hukuma ta zo za ta mayar da layin hanyar masu keke da masu tattaki, duk manoman da ya bi ta gonarsu suka yarda da fatar baki. Malachy kaɗai ya kafe.

"Ni ba zan bari 'yan Dublin masu keke da matsattsen wando su riƙa leƙa mini tukunya ba," in ji shi.

Fadan cocinmu ya je ya roƙe shi, matarsa Nuala ta yi magiya, ya ce allambaran. Dole hanyar ta bar shimfiɗaɗɗen layi, ta haye wani mugun tudu ta zagaye gonarsa, sannan ta gangaro. Nan da nan wurin ya sami suna, Tudun Malachy. Shi kuwa har taƙama yake yi da sunan a mashaya, abin da ya daɗe yana ƙona mini rai.

Ana nan Nuala ta sami shanyewar ɓarin jiki, ta koma keken guragu, magana ma da ƙyar. Abin da take so a duniya bai wuce zuwa tsohuwar tashar jirgi ranar Lahadi ba, inda ƙanwarta ke sayar da shayi da burodi. Babban titi motoci sun yi yawa, ɓangaren layin da ke gonar Malachy kuma duk ƙaya da tsakuwa ne. Ba yadda zai yi sai ya turo ta ta tudun.

Wata Lahadi ina tafe da karena na same su a tsakiyar hawan. Malachy ya tokare keken da ƙirji yana haki, keken na neman komowa baya da shi. Kafin in ƙarasa, wasu samari biyu baƙi sun jingine kekunansu sun kama.

"Baba, matsa ka huta," in ji ɗaya. Suna turawa yana ci gaba da zuba. "Wai wani tsohon banza ne ya hana hanya, shi ya sa kowa ke shan wannan wahala. Dubi baiwar Allah da ya jawo wa. Mama, kun san shi?"

Malachy ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Ni kaina kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Nuala ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

"Ba mu san shi ba, ɗana."

Ta miƙa hannunta mai lafiya ta dafa na mijinta a kan keken. A saman tudu Malachy ya yi wa samarin godiya, murya can ƙasa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Washegari na hango shi yana datse wayar mahaifinsa da hannunsa. Ya je ofishin hukuma, hula a hannu, ya roƙi a bi da hanyar ta gonarsa, aka ce sai an gama wasu ayyukan tukuna. Kafin a zuba kwalta, Nuala ta rasu.

Yanzu hanya ta miƙe sambal ta cikin gonarsa, ciyawa ta fara cinye ta tudun. Ran nan na gan shi yana hawa da sanda, kamar kowace Lahadi, zai je gaida ƙanwar matarsa.

"Malachy, ga hanya a ƙasa, me ya kai ka nan?"

"Ita Nuala ba ta bi ta can ba," ya ce, ya ci gaba da hawa.